Abin Lura: Ciniki Ba Ya Tsayawa a Rabi

A kasuwar Lafiya, idan mai riɗi da mai saye suka zauna ciniki, ɗayan biyu ne. Ko dai a sallama, kuɗi ya shiga aljihu, buhu ya hau mota, ko kuwa a ce Allah bai yi ba, kowa ya riƙe nasa. Babu wanda zai yarda a ɗauke masa buhu a bar shi hannu rabbana.

Amma je ka tsaya gaban mai POS. An saka kati, na'ura ta yi ta juyi, ta fito da takarda cewa bai yi ba, sai ga alat a waya. "Malam, ka ga fa an cire mini!" "Wallahi Hajiya, bai shigo ba." Kuma dukkansu gaskiya suke faɗa. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san wannan rigima.

Tura kuɗi rubutu biyu ne a rumbun bayanai: a rage daga asusun wannan, a ƙara a na wancan. Ƙa'idar masu rubuta manhaja ita ce su tabbata tare, ko a soke su tare. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da saƙo ya bar wani banki zuwa wani, sabis ya yanke, amsa ba ta dawo ba. Shirun nan ba ya nufin kuɗin bai je ba. Manhajar da ta sake turawa ido rufe, sau biyu za ta cire wa mutum. Shi ya sa ake ba kowace hulɗa lambarta, a tambayi makomarta kafin a maimaita, a rubuta inda ta tsaya, sannan a mayar da abin da aka cire ba sai mai shi ya je layi ba. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 72 don warware irin wannan matsala ta POS, amma awa 72 ba kaɗan ba ne ga mai jiran kuɗin magani.

Ɗalibanmu masu karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Lafiya, ku riƙe wannan. Kowa na iya rubuta manhajar da za ta yi aiki ranar da komai ke lafiya. Gwani shi ne wanda ya yi tanadin ranar da wuta za ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Bayan kowace lamba akwai gumin wani bawan Allah, kuma amana ce a wuyanku.