Haƙƙoƙin da Saki Ba Ya Gogewa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a Damagaram idan aure ya mutu, rigimar takan tashi daga tsakar gida zuwa wurin mai unguwa, daga nan sai fadar Sarki a Birni, wani lokaci har kotu. Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya, daftarin 2011 ma bai zama doka ba. Don haka al'ada da fiƙihun Malikiyya ake dubawa. Sau da yawa jayayyar a kan dukiya take: wa ke da gado, wa ke da akuya, wa zai ciyar da yara.

Shari'a ta riga ta raba wannan gardama. Sadakin matar da aka sadu da ita nata ne gaba ɗaya, kuma Suratun Nisa'i, aya ta 20, ta hana miji karɓe shi komai yawansa. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata nata ne, haka awakinta da kuɗin adashinta. Idan ya ranci jarinta ya sayi iri da damina, ko ya ƙara a hajarsa a kasuwar Dole, bashi ne a wuyansa har ya biya.

A sakin kome, matar tana zama ɗakinta har ta ga tsarki uku, ci da sha a kan mijin. Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita, ta kuma ɗora masa ciyar da mai ciki har ta haihu, gwargwadon ƙarfinsa. A mazhabar Imamu Malik, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa har ya balaga, da na 'ya har ta tare gidan miji, matuƙar uwar ba ta yi wani aure ba. Abinci da tufafi kuwa na uba ne. Wanda ya ƙwace yara don ya huta da aika hatsi ya haɗa zalunci biyu.

Idan matar ce ta nemi rabuwa, akwai khul'i, kamar yadda matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar masa da gonarsa. Amma wanda ya ƙuntata mata da gangan don ta fanshi kanta, malaman Malikiyya sun ce sakin ya auku, dukiyar kuma ta koma mata. Ita ma akwai amana a kanta: kada ta ɓoye ciki, kada ta hana uba ganin 'ya'yansa, kada ta kashe kuɗin cin yara a biki.

A nan ake gane muridin gaskiya. Istigfarin lazimi safe da yamma ba ya sauke haƙƙin bawa, domin mayar da haƙƙi sharaɗin tuba ne. Hadisi ya tabbata cewa matsiyaci shi ne mai zuwa ranar Alƙiyama da salla da azumi, a rabe ladansa ga waɗanda ya cuta. Sai a kira shaidu biyu, a rubuta kayan kowa da bashin kowa, a yanka abin ciyar da yara, tun kafin a ɗora kaya a amalanke.

Allah Ya sanya albarka a gidajen Musulmi, Ya kiyaye su daga cin haƙƙin juna. Amin.