Takardar Ƙunshin Ƙosai

Wata safiya a Manchok ta ƙasar Moro'a, a bakin titin da ya taso daga Kafanchan ya ratsa Kagoro ya nufi Jos, na sayi ƙosai aka ƙunshe mini a shafin littafin lissafin wani ɗalibi, har da jan biron malami a jiki. Raina ya sosu. Makomar takarda ke nan a wurinmu: in ba a hura wuta da ita ba, gara ta cinye.

A Koriya kuwa akwai takardar gargajiya da ake kira hanji. Ɓawon ciki na itacen dak ake dafawa da ruwan toka, a daka shi har ya yi laushi, a dama cikin ruwa da yauƙin saiwar wani tsiro ɗan'uwan kuɓewa, sannan a tace. Toka, daka, yauƙi: wace uwargida ce a ƙasar Moro'a ba ta san su ba? Ga takardar da ƙarko. A 1966 an gano wani rubutun addinin Buda a hasumiyar dutse ta haikalin Bulguksa, wanda aka buga tun wajen shekarar 751, kuma yana karantuwa.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne sana'arsu ta jiseung. Tsofaffin littattafai ake yayyankawa sili-sili, a murza da yatsu, a tufka igiya, a saƙa kwando ko takalmi ko tulu, a shafe da ƙaron itace don kada ruwa ya shiga. Duk wanda ya taɓa tufkar igiyar rama ko ɗinkin faifai ya riga ya ci rabin hanya.

Ashe hannu muna da shi, wurin zama ne ya ɓace. Kakanninmu ba su gina wa saƙa ɗaki ba, amma kowa ya san zauren tsoho: basilla da wuƙa a soke a jinka, kaba a rataye nesa da danshin damina, yaro bai isa ya taɓa ba sai in koyo ya zo. Yau falo na talabijin ne, almakashi kuwa sai an birkice gida kafin a gan shi.

Iyaye, ku ware wa yaranku kusurwa ɗaya kusa da taga. Ku sa benci, ku kafa ƙusa ta rataya almakashi, ku ajiye bokiti mai murfi. Littattafan zangon da ya wuce, a zuba su ciki.