Wa Ya San Gida, Mai Zane Ko Mai Zama?

Yau ina so mu tattauna a kan wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, tun ranar da Innarmu ta aika a kira ni a kan maganar ƙanwata. Tambayar kuwa ita ce: shin akwai alheri a ce 'ya mace ta ƙarar da ƙuruciyarta tana karatun zanen gine-gine da tsara birane, har ta zauna a jami'a tana koyar da shi? Ko kuwa wahalar banza ce, ta tsoma kanta cikin aikin maza?

Ba zan ɓoye miki ba, da farko ni ma ina cikin masu cewa wahalar banza ce. Amma kafin in faɗa miki yadda na sake ra'ayi, bari in ba ki labarin gidaje biyu da na zauna a cikinsu.

Gidan da na tashi yana cikin birnin Kano, ginin ƙasa ne da tubali, rufin soro da azara. In ka shigo daga waje sai ka bi ta zaure, ka bi ta shigifa, sannan ka faɗo tsakar gida. Baƙo namiji iyakarsa zaure, ba ya ganin ko inuwarmu. A tsakar gidan nan akwai rijiya da bishiyar darbejiya, a nan muke daka, a nan muke girki, a nan ake kitso da shanya, da daddare kuma a shimfiɗa tabarmi a yi tatsuniya. Ɗakin kakarmu kuwa ko a tsakiyar bazara in kin shiga sai ki ji kamar an yayyafa ruwa. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba, kunya ma nake ji in ce wa ƙawayena na makaranta gidanmu na ƙasa ne.

Da na yi aure, bayan wasu shekaru Allah Ya buɗa wa maigidana ya sayi fili a sabuwar unguwa. Ya je aka zana masa gida a takarda, ya kawo birkiloli suka ɗora bulo da siminti, aka rufa kwano. Ranar da muka tare har kukan murna na yi. Amma fa tun daga zanen har zuwa fenti babu wanda ya ce mini, "Ke da za ki zauna a ciki, yaya kike so?" Ni ma kuma ban ga dalilin da za a tambaye ni ba.

Ba a yi wata uku ba na soma gane kurena. Kicin ɗin ɗan tsugul ne, tagarsa ɗaya kuma tana kallon yamma, daga azahar zuwa magariba rana a kaina take. Babu tsakar gida, ginin ya cinye filin kaf, sai wani siririn lungu da aka malale da siminti. In zan yi daka sai in rasa inda zan ajiye turmi, don kar tayil ya fashe. In baƙi maza suka zo falo, to ni da kicin sai sun tafi, domin hanyar ta gabansu take. Ranar sunan ɗana na uku a bakin titi aka kafa tukwane. Da daddare in babu wuta, ɗaki ya zama tanda, yara suna kuka, ƙuraje sun feso musu. Shi maigida da safe ya fita sai dare. Ni ce a ciki, ni da yara, daga asuba zuwa asuba.

Ana cikin haka Inna ta kira ni. Ƙanwata ta yi shekara 4 a digirin farko a Zariya, ta yi bautar ƙasa, ta koma ta ƙara shekara 2 a na biyu, yanzu kuma wai tana so ta zauna ta koyar, ta ci gaba har ta zama dakta. Ga manemi ya fito, yana ta jira. Inna ta ce, "Ke ce babba, tana jin maganarki. Ki ce mata karatun nan ya isa haka. Ita ba bulo za ta ɗauka ba, ba kwaɓa siminti za ta yi ba, to me ake da mace a harkar gini?" Na ce, "To Inna, ki turo mini ita ta yi kwana biyu, zan shawo kanta."

Ta zo a watan Afrilu, zafi kamar zai tsaga ƙasa. Na tanadi maganganuna tsaf, sai dai kafin in buɗe baki ta same ni a kicin gumi yana zuba, ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Yaya, awa nawa kike yi a nan kullum?" Na ce ban taɓa ƙirgawa ba. Ta ɗauko ɗan littafinta ta shiga jero mini tambayoyi. A ina kike zama da hantsi? Ina yara suke wasa? Ina kike zubar da ruwan wanke-wanke? Wane ɗaki ne ba kya son shiga, kuma don me? Wallahi 'yar uwa, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Shekara da shekaru ina cikin gidan nan, ranar ce farkon da wani ya tambaye ni yadda nake ji a cikinsa.

A daren nan ta warware mini abin da na sani a jikina amma ban san dalilinsa ba. Ta ce bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan zafin rana, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi, iska ta huce. Shi ya sa ɗakin kakarmu yake da sanyi da rana. Kwano kuwa nan take yake ɗaukar zafi ya sauke shi a kan mutanen ɗaki. Ta ce iska mai zafi sama take tashi, in babu wata kafa a sama da za ta fice sai ta taru a ɗaki. Ta ce simintin da muke malale ko'ina yana riƙe zafi, kuma yana hana ƙasa shan ruwan sama. Har ta tuna mini da kududdufan cikin birni, waɗanda asalinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, suna tare ruwan damina. Da aka bi ana cike su ana gini a kai, ruwan bai fasa zuwa ba, sai ya nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane. Ta ƙara da cewa sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Irin wannan tunani, na yin gini da tsara unguwa yadda ba za a cuci na yanzu ba kuma ba za a bar wa jikoki wahala ba, shi ne suke kira tsari mai ɗorewa.

Na ce, "To ashe duk karatun naki komawa ginin ƙasa ne? Kin manta yadda Baba yake fama da yaɓe duk shekara? Kin manta katangar maƙwabta da ta faɗi da damina?" Ta ce ba ta manta ba, kuma wannan shi ne aikin masu bincike: a ɗauki abin da kakanni suka gane, a gyara inda yake da rauni. Yanzu ana matse jar ƙasa da inji, a sa mata ɗan siminti kaɗan, ta fito bulo mai ƙarfi, a ɗora shi a kan tushe mai kyau a yi masa rufin da zai kare shi daga ruwa.

Sai ta ba ni labarin wata 'yar Nijar, Mariam Issoufou Kamara. Karatun kwamfuta ta fara yi a Amurka, daga baya ta koma ta karanci zanen gine-gine, ta buɗe ofishinta a Yamai a shekarar 2014, ta sa masa suna Masomi, kalmarmu ta Hausa. A garin Dandaji da ke jihar Tawa akwai tsohon masallacin ƙasa da ya soma lalacewa, aikin shahararren magini Alhaji Falke Barmu, wanda masallacin da ya gina a Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ita Mariam da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gyara tsohon ginin ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa, aka gama a 2018. A shekarar 2022 kuma aka ba ta kujerar farfesa a babbar jami'ar fasaha ta birnin Zurich a ƙasar Suwizalan. Ta kuma ambaci Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga kwanon sama da rufin ƙasa yadda iska za ta riƙa ratsawa tsakaninsu. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ake ɗauka mafi girma a wannan fanni.

Na yi shiru ina tunani. Amma ni ba a saurin ciwo kaina, sai na ce, "Ai wanda ya zana gidan nan nawa ma ɗan boko ne, da takardarsa." Ta yi dariya ta ce gaskiyata, ilimi shi kaɗai ba ya hana mutum kuskure. Ta ce a Masar an yi wani gwani, Hassan Fathy, mai son talakawa da son ginin ƙasa. A tsakiyar shekarun 1940 gwamnati ta sa shi ya gina sabon ƙauye kusa da Luksor don a tayar da mutanen Gurna daga inda suke zaune a kan tsofaffin kaburbura. Gidaje suka yi kyau, masana har yau suna zuwa kallo, amma yawancin mutanen suka ƙi tarewa, domin abincinsu da rayuwarsu suna ɗaure da tsohon wurin, kuma ba su ne suka nemi a tashe su ba. Aikin ya tsaya ba a ƙarasa ba.

To a nan ne na samu amsar tambayata. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai zane ya san lissafi, ya san nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, ya san inda rana take faɗuwa a kowane wata. Mai zama kuma ta san inda hayaƙi yake taruwa, ta san inda kunya take kama ta, ta san inda yaro yake tuntuɓe. Kowanne rabin sani ne ke hannunsa. Gida kuwa amana ne, domin kuskuren tela kwana kaɗan ne a canza riga, amma kuskuren mai zane sai a yi shekara 40 ana kwana a cikinsa, kuma mafi yawan lokaci mace ce take biyan kuɗin kuskuren da guminta da lafiyarta. In haka ne, wa zai haɗa rabin nan biyu? A gidajenmu namiji baƙo iyakarsa zaure ko falo. Mace ce kaɗai za ta shiga har ƙuryar ɗaki, ta zauna a kan tabarma, a faɗa mata gaskiya ba tare da nauyi ba. In kuma ta tsaya a gaban aji, duk shekara ɗalibai da yawa za su fita da wannan tambaya a bakinsu: wa zai zauna a ciki, kun tambaye ta?

Ban ce hanyar babu ƙaya ba. Shekarun suna da yawa, albashin malami bai taka kara ya karya ba, ga ɗawainiyar miji da 'ya'ya in sun zo, ga bakin mutane. Akwai kuma haɗarin da na fi ji mata tsoro, wato girman kai, a wayi gari tana rubuta takardu da Turancin da Inna ba za ta gane ba, tana raina matan da ta fito daga cikinsu. Na faɗa mata wannan a gaban idonta. Na ce, "Duk ranar da kika fi ƙarfin zama a kan tabarmar talaka, to karatunki ya tashi daga amfani ya koma ado."

Kafin ta tafi ta zauna da maigidana, cikin ladabi ta nuna masa gyaran da ba zai ci kuɗi da yawa ba. Aka kafa rumfa a yammacin kicin, aka huda wata ƙaramar taga can sama kusa da silin, aka fasa simintin bayan gida aka dasa darbejiya, aka buɗe mini ƙofa ta baya. Gidan bai zama ɗakin kakarmu ba, bazara tana nan da zafinta, amma yanzu ina girki ina numfashi, kuma baƙi ba sa tsare ni a ɗaki.

Da na koma wurin Inna na ce, "Inna, na je shawo kanta, ita ta shawo kaina." Ta harare ni ta ce dama ta san bakinmu ɗaya. Har yanzu ba ta gama sakin ranta ba, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce. Maganar manemin kuwa, an ce ya zo a zauna a faɗa masa gaskiya tun yanzu, in zai iya da matar da za ta riƙa fita aji, bismilla, in ba zai iya ba kowa ya kama gabansa tun ba a ɓata ba.

Shawarata gare ki 'yar uwa guda biyu ce. In maigida zai yi gini ko gyara, ki nemi lokacin da ransa yake a sake, ki ce a nuna miki takardar zanen, ki tambaya ina kicin yake kallo, ina za a yi shanya, ina yara za su yi wasa, ina ruwa zai bi. Kada ki ce ba ki yi boko ba, abin da kika sani ba a rubuce yake a littafinsu ba. In kuma Allah Ya ba ki 'ya mai son zane da lissafi, kada ki yi saurin cewa aikin maza ne. Ki sa ta a gaba ki nuna mata inda ɗakinki yake yoyo, wataƙila ita ce za ta koya wa wasu yadda za su toshe shi.

Allah Ya ba mu gidaje masu sanyi da zaman lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Amin.