Awo Bayan Awo

Mai sayen gero idan ya sa aka sake auna masa tiya a gabansa, mai awon yake tuhuma. Haka nake kallon gasar shiga da akan gindaya wa ɗalibin da ya kammala karatun fasaha na shekara biyu, irin na BTS ko DUT, sa'ad da ya nemi wucewa jami'a ko makarantar injiniyoyi. An auna shi, an ba shi shaida da hatimi, ga shi ana cewa ya sake zama.

Masu kare wannan jarrabawa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Makarantu ba ɗaya suke ba: akwai inda ake samun maki 14 bisa 20 da gumi, akwai inda kuɗin makaranta ke sayensa. Takardar da aka rufe sunan mai ita ba ta san ɗan wane ba, sau da yawa ma ita kaɗai ce gatan wanda ba shi da uwa a gindin murhu. Duk malamin da ya taɓa gyaran takardun bakaloreya ya san darajar wannan rufi.

Amma wa ke biyan kuɗin shakkar? Idan jami'a ba ta amince da wata makaranta ba, makarantar ya kamata a bincika, manhajarta da malamanta. Maimakon haka sai nauyin ya faɗa kan ɗalibi. In a Yamai ake zaman, ɗan Agadas zai ci hanya kusan kilomita 1000, ya nemi masauki, sa'an nan ya jingina aikin shekara biyu kan awoyi kaɗan, ko da zazzaɓi ya kwana. Buɗe jami'ar Agadas bayan dokar 2014 ya rage nisa ga wasu fannoni kawai.

Tsarin LMD da jami'o'inmu suka runguma ya yi alkawarin wani abu daban: kiredi 60 a shekara, 180 a lisansi, abin da ɗalibi ya tara ya bi shi duk inda ya je. A Nijeriya, hanyar shiga kai tsaye ta hukumar JAMB na bai wa mai NCE ko difloma damar farawa daga aji na biyu. A Amurka, jami'ar Kaliforniya na karɓar ɗaliban ƙananan kwalejoji bisa darussan da suka ci.

A ganina, gasa tana da hurumi inda gurabe suka yi kaɗan kuma dole a zaɓa. Inda ake yin ta don an kasa sa ido kan makarantun da gwamnati da kanta ta ba izini, hukuma ce ke bin kanta bashi, ɗalibi yake biya.