Ɗaki Mai Lamba 12

Wani saurayi ɗan unguwar Yelwa ya samu aikin karɓar baƙi a wani otal da ke GRA a Bauchi. Ranar da ya fara, manaja ya saka lambarsa a zauren WhatsApp na ma'aikata, inda masu shara, masu girki, mai gyaran wuta da direbobi ke sanar da juna halin da ake ciki: famfon ɗaki kaza yana yoyo, za a tada janareta ƙarfe kaza, baƙo wane ba ya cin yaji. Saurayin yana ji da difilomarsa. Da ya ga yawancin saƙonnin na murya ne, daga mutanen da ba su yi boko ba, sai ya kashe ƙarar zauren.

Wani dare cikin zafin Afrilu, wani magidanci daga Kano ya sauka da iyalinsa, za su wuce Yankari da safe yara su yi wanka a ruwan Wikki. Saurayin ya duba kwamfuta, ya ga ɗaki mai lamba 12 babu kowa, ya miƙa makulli. Ashe tun la'asar mai gyaran wuta ya faɗa a zaure cewa na'urar sanyaya ɗakin ta ƙone. Ita kuwa kwamfuta, abin da aka gaya mata kaɗai ta sani.

Ƙarfe ɗaya na dare maigidan ya sauko sharkaf da gumi, yana faɗa.

Baba mai gadi ya ja saurayin gefe, ya ce, "Ɗana, baƙo ko da ido makaho ne. Buɗe wayarka ka tambayi 'yan gida."

Saurayin ya daɗe yana juya wayar, don kunyar ta fi faɗan zafi. Daga ƙarshe ya yi sallama a zaure. Mai shara ta ce ɗaki na 7 a gyare yake, ta shimfiɗa sabon zanin gado. Direba ya ce tafiyar Yankari ta haura kilomita 100, gara su tashi bayan sallar asuba. Inna mai girki ta ce za ta aika kasuwar Wunti a sayo musu masa ta guzuri, a wanke laifi.

Baƙin suka tafi suna godiya, ba su nemi a mayar musu da ko kobo ba. Direba ne kawai bai ƙyale shi ba: ya raɗa masa suna Oga Difiloma, kuma har yau da shi ake kiransa a otal ɗin.