Shin Mai Gaskiya Yana Iya Ƙirƙiro Takarda Don Ya Karɓi Haƙƙinsa?

Ya kai ɗan'uwa matashi, ga wata mas'ala da ya kamata ka san jawabinta tun kafin ta same ka.

Ka ƙaddara kai mutumin Babban Duhu ne. Mahaifinka ya sayi gona, aka rubuta takarda a gaban mai gari. Sai fitinar ɓarayin Dajin Rugu ta tashe ku, kuka yi gudun hijira zuwa Batsari, takarda ta salwanta, tsoho ya rasu. Da ka dawo, sai ka iske ɗan wanda ya sayar yana noma gonar, yana cewa aro ce. Sai wani ya raɗa maka: “Ai kai ke da gaskiya. A samo tsohuwar takarda a turara ta da hayaƙi, a rubuta ciniki da kwanan watan baya, a dangwala yatsa.” To, ya halatta?

Bai halatta ba, ko da gonar taka ce tabbas. Ga dalili.

Na ɗaya, alƙali ba ya ganin zuciya. Ƙa'idar ita ce mai da'awa ya kawo hujja, mai musu ya yi rantsuwa. A littattafan Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da su, irin su Risala da Tuhfatul Hukkam, ana neman shaidu biyu adilai, a bincika halinsu, kuma ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa. Takarda ma ba ta magana da kanta: sai an sami wanda ya halarci rubutunta, ko adilai da suka san rubutun hannun mai ita. Saboda haka takardar ƙarya ba ta zuwa kotu ita kaɗai. Dole ta jawo mai shaidar zur, alhali shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Ka ga kenan don gona ɗaya ka jefa mutum biyu ko uku cikin halaka.

Na biyu, watakila ka ce, “Ai haƙƙina na karɓa.” To, shi ma abokin shari'arka haka yake gaya wa kansa. In aka yarje wa duk wanda ya gamsu da kansa ya ƙirƙiro hujja, takarda ta tashi daga aiki, kuma wanda zai fara cutuwa shi ne maraya da gwauruwa, waɗanda ba su da komai sai takardar gaskiya a ƙasan akwati. Kada kuma ka ce ai alƙali ne ya ba ka. Hukuncinsa yana bin abin da aka nuna masa ne, ba ya wanke wanda ya yaudare shi.

Haka abin yake ga kayan da ake ɗagawa a kotu. Dubi riguna biyu a ƙissar Annabi Yusufu (A.S.). Ta farko an shafa mata jinin ƙarya, mahaifinsa bai gaskata ba. Malaman tafsiri suka ce ya lura babu yaga a jikinta. Ta biyu ta yage ta baya, ita ta wanke shi. Watau kaya hujja ne, amma sai an tambaya: daga ina ya fito, hannun wa da wa ya bi? A shekarar 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta taɓa dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana, saboda satar shanu. In ka ga saniyarka a hannun wani, alamar da ke jikinta tana taimako, amma alama ana iya sake ta, rasit ana iya buga shi. Sai an haɗa da mutanen da suka san dabbar.

Dokar ƙasa ma ba ta yi sake ba. A Babbar Kotu, Dokar Shaida ta 2011 tana neman asalin takarda. In takardar hukuma ce, kwafin da za a karɓa sai wanda jami'in da ke riƙe da ita ya tabbatar. Sashe na 84 kuma ya ce abin da aka ciro daga kwamfuta sai an nuna na'urar tana aiki daidai lokacin da ta fitar da shi. Don haka muryar da aka turo maka a WhatsApp ba ta zama hujja don kawai ta zaga gari.

To, mene ne mafita? Ka nemi maƙwabtan iyaka waɗanda suka ga mahaifinka yana noma. A Malikiyya, wanda ba dangi ba in ya ga ana riƙe da fili shekara 10, yana nan, ya yi shiru ba tare da uzuri ba, da'awarsa ta faɗi. Wannan shi ne hauzi. A sha'anin dukiya kuma ana hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwarka. In babu, ka nemi a rantsar da shi. Kafin hukunci alƙali zai yi maka i'izari, watau ya tambaye ka ko kana da sauran hujja. Bayan hukunci akwai ɗaukaka ƙara.

In duk wannan bai yi ba, za ka iya rasa gonar, wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma da zafi. Amma gonar da aka ƙwace maka bashi ce da za a biya ka gobe Ƙiyama. Ƙaryar da ka rantse a kanta kuwa kai za ka biya.

Daga ƙarshe, tun yau ka gyara. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. In za ka sayi gona ko sa, ka rubuta, ka sa matasa cikin shaidu ba tsofaffi kaɗai ba, ka ajiye kwafi wurin ɗan'uwa a wani gari. In kuma an kira ka shaida, ka faɗi abin da idonka ya gani, ka tsaya nan.

Allah Ya tsare harsunanmu da hannayenmu. Wassalamu alaikum.