Mai Gida ko Maigida?

Hutun da ya wuce da na koma Maradi, kawuna ya kira ni shagonsa. Shekara 20 ke nan yana safarar kaya tsakanin Maradi da Jibiya, yanzu ya ce ƙafa ta gaji, yana son dukiyar da ba ta tafiya. Dillali ya samo masa gida a Yamai, unguwar Harobanda, kusa da Jami'ar Abdu Mumuni: ɗaki 8 a jere, famfo ɗaya, makewayi biyu. Rabin kuɗin na aljihunsa ne. Sauran kuwa, da yake ba ya cin bashin ruwa, banki zai saya ya sayar masa da riba sananniya, ya riƙa biya wata-wata har shekara 5.

Ya ce, "Ɗana, kai ke can, kai za ka riƙa amsar kuɗin haya. Wanda ya yi wata biyu bai biya ba, ka sa mishi kwaɗo."

Na yi lissafin tare da shi. Kowane ɗaki jikka 20, ke nan jikka 160 a wata. Banki zai ɗauki 120. Cikin 40 da suka rage za a gyara rufi kafin damina, a yashe masai, a biya haraji. Ɗaki biyu suka ƙi biya, ribar ta tafi. Ɗaki uku, sai ya taɓa jarin shago. To, Kawu ba azzalumi ba ne, kuma haya halal ce. In ba masu saye da ginawa, ina mu da ba mu samu gado a ɗakunan jami'a ba za mu kwana?

Amma na san masu kwana cikin irin ɗakunan nan, don ni ma ɗayansu ne. Wallahi akwai watan da kuɗin tallafinmu suka yi jinkiri, na riƙa zama gindin fitila da littafi har sha biyun dare, don kar in haɗu da mai ɗakina a ƙofa.

A darasin nazarin harshe mun ga yadda kalma biyu ke haɗewa su haifi wata ma'ana. "Mai gida", a rabe, wanda ya mallaki gini ne. "Maigida", a haɗe, shi ne wanda in ciwo ya tashi cikin dare ƙofarsa ake bugawa. A rubuce ƴar tazara ce ta raba su, amma a baki da wuya kunne ya bambance. Ina ganin harshenmu yana faɗa mana wani abu a nan: wanda ya sayi wurin kwanan mutane bai sayi buhun gero ba. Sunan da ya ɗauka yana da nauyi, ko ya so ko bai so ba.

Shi ya sa na ce, "Kawu, zan riƙe, amma da sharaɗi uku. A rubuta yarjejeniya kowa ya san haƙƙinsa. A ware kuɗin wata uku a aje tun farko, don jinkirin ɗalibi kar ya zama wuta a wuyanka. Kwaɗo kuma ba zan sa a ɗakin da littattafan mutum ke ciki ba, sai an zauna an yi magana."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Boko ta sa ka tausayi da kuɗin wani."

Maganar ta yi mini zafi, don akwai gaskiya a ciki: ba guminina ba ne, ba sunana ke takardar banki ba. Har yau bai ba ni amsa ba. Ku da za ku gina naku gobe, wanne za ku zama cikin biyun?